Arthur Coningham: Matuƙin Jirgin Yaƙin Da Ya Fara Saukar Da Jirgi A Kano

A ranar Lahadi, 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama guda uku suka ɓullo daga gabas, suka sauka ɗaya bayan ɗaya a filin da Turawa ke wasan dawakai a wajen ganuwar Kano. Sarki Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi ne a kan gado a lokacin. Shekara 14 kacal da isowar jirgin ƙasa birnin, sai ga wani jirgin kuma wanda ba ruwansa da dogo. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin sufurin sama a Nijeriya, kuma a Nuwamban 2025 ne abin ya cika shekara 100 cif.

Da yawanmu mun taɓa jin wannan labari, ko a makaranta ko a shirin kacici-kacici na rediyo. A yi tambaya, a wane gari jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya? A ce Kano, a tafa, a wuce. Ba a cika tambayar irin jirgin ba, ko wanda ya tuƙo shi, ko abin da ya kawo shi. To, jiragen nan uku na soja ne, an ƙera su ne don jefa bam. Wanda ya jagorance su kuwa wani hafsan sojan saman Birtaniya ne ɗan shekara 30 mai suna Arthur Coningham, wanda ya ƙware a tuƙi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya kakkaɓo jiragen Jamus, shi ma aka ji masa rauni har sau biyu.

Masu kallon tsofaffin finafinan Amurka sun taɓa cin karo da shi ba tare da sun sani ba, domin an nuna shi a fim ɗin Patton na 1970, a wani ɗan gajeren sin inda aka mai da shi abin dariya. Za mu zo kan wannan a gaba. Rayuwar mutumin dai ta fi ƙarfin wannan sin nesa ba kusa ba, kuma wani ɓangare nata ta ƙofar gidanmu ya bi.

Ɗan gidan da ya watse

An haife shi a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya a ranar 19 ga Janairu, 1895. Mahaifinsa, shi ma Arthur, ɗan wasan kurket ne da ya taɓa buga wa ƙasarsa wasa, sai dai ba wasan ne ya fi fito da sunansa ba. A 1900 ya maka wani babban limamin cocin Katolika na Sydney a kotu, yana zarginsa da neman matarsa, yana kuma neman diyyar fam 5,000. Shari'ar ta cika jaridu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, a 1901 ya sha kaye, ya kwashi iyalinsa ya koma Niyuzilan. A can ma bai shiryu ba, don har gidan yari ya shiga saboda zamba, daga ƙarshe kuma auren ya mutu.

A irin wannan gida yaron ya tashi. Ya yi karatu a Kwalejin Wellington, inda aka fi saninsa da hawan doki da iya harbi fiye da zama kan littafi. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin gona da kiwo. Yana ɗan shekara 19 yaƙi ya ɓarke a Turai, a watan Agustan 1914, nan take ya ba da sunansa. Aka tura shi tsibirin Samoa, wanda a lokacin yake hannun Jamus, daga baya kuma Masar tare da sojan doki. Bai kai ga yin wani abin a-zo-a-gani ba zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. A 1916 aka sallame shi daga soja, aka ce jikinsa ba zai iya ba.

Wani da ya koma gona ya gode wa Allah. Shi kuwa sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila, ya nemi shiga sashen jiragen sama na sojan ƙasa, wanda a lokacin ake kira Royal Flying Corps. Aka karɓe shi. Saboda daga Niyuzilan ya fito, abokansa suka laƙaba masa sunan 'yan asalin ƙasar, wato Maori. A hankali baki ya karya kalmar ta koma Mary, sunan mata, kuma da shi aka kira shi har ƙarshen rayuwarsa, har bayan ya zama babban kwamanda.

Jirgin katako da zane

Don mai karatu ya gane irin ƙuruciyar jirgin sama a wancan lokaci, ya tuna cewa a watan Fabrairun 1903 ne Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, a Disambar wannan shekarar ce kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka fara tayar da jirgi mai inji a Amurka. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi a sama. Ke nan lokacin da Coningham ya isa Faransa a Disambar 1916, abin da ya hau bai wuce shekara 13 a duniya ba.

Runduna ta 32 aka tura shi, jirginsu kuwa shi ne DH.2. Katako ne da waya, aka lulluɓe da zane aka shafe da wani irin fenti mai sa zanen ya ɗame. Inji da farfela a bayan matuƙi suke, shi kuma yana zaune a can gaba cikin wani abu kamar kwami, iska na dukansa. Dalilin wannan ƙira shi ne, Ingilishi ba su riga sun ƙware a dabarar harba bindiga ta tsakanin fukafukan farfela ba, alhali Jamusawa sun same ta tun 1915. Sai suka mai da farfelar baya don bindigar ta sami fili. Idan harsashi ya ƙare, matuƙi ne zai cire faifan harsashin ya sa wani da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da sandar tuƙi. Man zurma ake zuba wa injin. Babu laimar dira, domin manyan ba su yarda a ba matuƙan jirage ita ba. In jirgi ya kama wuta a sama, zaɓi biyu ne: ka ƙone ko ka faɗo.

Wata guda kafin isowarsa, a ranar 23 ga Nuwamba, 1916, fitaccen matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya kashe Lanoe Hawker, gwarzon matuƙan Ingila, a cikin irin wannan jirgi na DH.2. A watan Afrilun 1917 kaɗai Ingilishi sun yi asarar jirage wajen 245. Sababbin matuƙa da yawa ba su kai wata guda da rai ba. Coningham ya tsallake wannan siraɗi.

Daga nan aka sauya musu jirgi zuwa DH.5, wanda matuƙa da dama ba su so shi ba, don in ya yi sama sosai ƙarfinsa raguwa yake. Saboda haka aka riƙa tura shi ƙasa-ƙasa, yana bin ramukan sojan Jamus da hanyoyinsu yana ɓarin wuta. Aiki ne mai haɗari ainun, domin duk mai bindiga a ƙasa yana iya samunka. A nan Coningham ya fara koyon abin da zai zama sana'arsa ta har abada, wato yadda jirgin sama zai taimaki sojan da ke ƙasa. A watan Yulin 1917 tauraronsa ya haska, ya kakkaɓo jirage a jere, har zuwa ranar 30 ga watan da aka ji masa rauni aka mai da shi Ingila. A wannan shekara aka ba shi manyan lambobin yabo guda biyu.

A 1918, yana da shekara 23, aka ba shi shugabancin runduna ta 92 mai jiragen SE5a. A ranar 1 ga Afrilun shekarar ne aka kafa rundunar sojan sama mai cin gashin kanta, wato RAF. An sake ji masa rauni ranar 11 ga Agusta, lokacin gumurzun Amiens, amma bai bar fagen ba. Da aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, an rubuta masa nasara 14 a kan jiragen abokan gaba, wasu shi kaɗai, wasu tare da abokan tashinsa.

Abin da ya yi a Mosil

Nan ne wurin da masu yabonsa ke saurin wucewa, mu kuwa ya kamata mu tsaya. Bayan yaƙi Birtaniya ta sami kanta da ƙasashe masu yawa da aljihu marar nauyi. Ajiye dubban sojoji a kowace ƙasa ya yi mata tsada. A farkon 1920 aka gwada wata dabara a ƙasar Somaliya: jirage 12 suka yi ruwan bama-bamai a kan garuruwan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, wanda ya shafe shekara 20 yana yaƙar Turawa, cikin 'yan makonni aka tarwatsa shi. Winston Churchill, wanda ya zama sakataren ƙasashen mallaka a 1921, ya ga an sami hanya mai araha. A watan Oktoban 1922 aka damƙa tsaron Iraƙi baki ɗaya a hannun sojan sama.

A wannan shekara aka tura Coningham runduna ta 55 da ke Mosil, ba da jimawa ba ya zama shugabanta. Jirginsu shi ne DH.9A, mai ɗaukar mutum biyu da bama-bamai, da injin Amurka mai ƙarfin doki 400. Aikinsu shi ne tare kutsen Turkawa daga arewa da kuma murƙushe Kurdawan da suka ƙi miƙa wuya a cikin duwatsu. Yadda tsarin yake a faɗin ƙasar, idan ƙauye ya yi tawaye, wani lokaci ma don ya ƙi biyan haraji, sai a jefa takardun gargaɗi, in wa'adi ya cika a zo a rusa gidaje a kashe dabbobi. A rahoto akan rubuta cewa an hukunta 'yan tawaye. A ƙasa kuwa akwai mata da yara da tsofaffin da ba su iya gudu. Har a cikin sojan saman an sami wanda abin ya dame shi: wani babban hafsa, Lionel Charlton, ya nemi a sauke shi daga muƙaminsa a Iraƙi bayan ya ga waɗanda bam ya raunata a asibitin Diwaniya. Coningham ya ci gaba da aikinsa har 1924, aka mai da shi hedikwata a Masar.

Irin wannan jirgi na DH.9A, wanda ya yi aiki a kan ƙauyukan Kurdawa, shi ne ya sauka a Kano shekara guda bayan haka.

Hanyar alhazai ta sama

Da asubahin Talata, 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na runduna ta 47 suka tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira. Coningham ne a gaba, sauran matuƙan biyu su ne H.V. Rowley da H.W. Baggs, kowannensu da makaniki a kujerar baya. Suka bi kogin Nilu zuwa Wadi Halfa da Khartum, sannan suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher a ƙasar Darfur. Daga nan suka shiga ƙasar da Faransa ke mulka, suka bi ta Abeche da Fort Lamy, wadda tsofaffinmu ke kira Fallomi, wato Injamena ta yau, suka ratsa Borno, sai Kano. Gudunsu bai kai mil 100 a awa ba. Sai da aka riga aka kai fetur aka ajiye musu a kowane zango, filayen saukar kuwa fage ne kawai da aka share. Taswirar yankin ba abin dogaro ba ce sosai, kuma in inji ya mutu a tsakanin El Fasher da Abeche, to sai abin da Allah ya yi.

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohon alhajin ƙafa zai ji sunayen garuruwan nan ba baƙi ba ne a kunnensa. Hanyar alhazai ce, sai dai su daga gabas suka biyo ta zuwa yamma. A 1925 Jega da Aliero da Maiyama duk suna ƙasar Gwandu ne, cikin Lardin Sakkwato, zamanin Sarkin Gwandu Usman. Mutumin da ya yi niyyar Makka daga nan a wancan lokaci, yakan sallami iyali sallamar da ba tabbas, ya bi ayari zuwa Kano, daga Kano zuwa Borno, ya ƙetare Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya. Kuɗin guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara a ƙara gaba. Shekaru ake kwashewa, wasu kuma ba su dawo ba. A 1925 ɗin ce ma aka kammala madatsar ruwa ta Sennar aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan, inda dubban mutanenmu suka yi aikin tsinkar auduga, da yawa suka zauna ke nan. Kusa da wurin ne garin Mai Wurno yake, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903.

Tafiyar da ke cin shekaru, Coningham ya yi ta cikin kwana shida. Daga Kano suka leƙa Kaduna, hedikwatar Arewa, sannan suka juya ta hanyar da suka zo, suka sauka Helwan ranar 19 ga Nuwamba da jiragensu uku cif. Aka ba shi wata lambar yabon.

Me ya kawo su? A hukumance gwajin doguwar tafiya ce da binciken hanya. Amma wanda ya san abin da irin jiragen nan ke yi a Iraƙi a daidai wannan lokaci, ba zai rasa ganin wani saƙon ba. Shekara 22 kacal da cin ƙasar, shekara 19 da tawayen Satiru, Turawan da ke mulkin Arewa 'yan ƙalilan ne a cikin miliyoyin jama'a. Nuna wa sarakuna da talakawa cewa ana iya zuwa daga Masar ta sama cikin mako guda, ai magana ce ba tare da an buɗe baki ba.

Hanyar dai ta kafu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu a kai a kai tsakanin Khartum da Kano, daga baya ya miƙa zuwa Ikko.

Shukar da ya girba da kansa

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi hannun Hitler, Italiya kuma ta shiga yaƙi a ɓangarensa. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya. Ga sojojinta a Masar suna bukatar jiragen yaƙi, ga shi kewayowa ta kudancin Afirka na cin makonni masu yawa. Sai aka tuna da hanyar 1925. Aka riƙa kawo jirage a wargaje cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fallomi, El Fasher, Khartum, har Masar. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana, ya ɗauka a watan Agustan 1940 na bin Janar de Gaulle maimakon gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya.

Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940. Babban jirgi ƙirar Blenheim mai ɗauke da masanin hanya ke shiga gaba, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi kamar 'yan tsaki. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Jamusawa sun san muhimmancinta, shi ya sa a Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar fetur ta Fallomi.

To, wa ke karɓar jiragen a can ƙarshen hanya? Coningham ne. Tun watan Yulin 1941 aka naɗa shi kwamandan sojan saman da ke fafatawa da Janar Rommel a hamadar Masar da Libiya. Jiragen da suka sha mai a Kano da Maiduguri, a hannunsa suke ƙarewa.

A hamadar ce ya tsara dabarun da suka sa sunansa ya shiga littattafan soja. Ya ce kada a rarraba jirage ga kowane kwamandan ƙasa ya riƙe nasa kamar laima, a tara su a hannu ɗaya a kai su inda ake bukata. Ya ce aikin farko shi ne a kori jiragen abokan gaba daga sama, sai a datse masa hanyar mai da abinci, sannan a faɗa wa sojansa. Ya kuma kafa tantinsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa don su riƙa shawara safe da yamma. A watan Yunin 1942, da Tobruk ta faɗi sojan Birtaniya suka ja da baya a guje, jiragensa ne suka tsare musu ƙeya har suka kai El Alamein. A nan aka yi karon da ya juya yaƙin Afirka, daga 23 ga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Bayan nasarar aka ba shi sarautar Sir. A 1943 sojan Amurka suka shigar da tsarinsa cikin littafin ƙa'idojinsu.

Yadda fim ya yi masa

A fim ɗin Patton, wanda Franklin Schaffner ya ba da umarni, George C. Scott ya fito a matsayin Janar Patton na Amurka, John Barrie kuma ya fito a matsayin Coningham. Patton na ƙorafin jiragen Jamus sun addabi mutanensa a Tunisiya, Coningham na ba shi tabbacin ba zai ƙara ganinsu ba. Bai rufe baki ba sai ga jiragen Jamus suna ɓarin wuta a kan ginin. Patton ya dira ta taga ya tsaya tsakiyar titi yana harbinsu da ƙaramar bindiga. Sin ne mai daɗin kallo, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar har bakwai.

Rigimar ta faru da gaske, a farkon Afrilun 1943. Bam ɗin Jamus ya kashe wani dogarin Patton da yake ji da shi, Patton ya rubuta rahoto mai zafi cewa an bar sojansa ba kariya. Coningham ya mayar da martanin da ya fi zafi, har yana nuna cewa sojan Amurkan ba su gama ƙwarewa ba. Maigidansa, Arthur Tedder, ya tilasta masa janye maganar ya je ya ba da haƙuri. Harin da aka kai ana tsakiyar taro ma ya faru, amma Tedder da Janar Spaatz na Amurka ne a ɗakin. Coningham daga baya ya zo. Marubutan fim ɗin sun haɗe zama biyu suka mai da shi ɗaya, suka ɗora kunyar a kan mutum guda, saboda labarin jaruminsu suke bayarwa, kuma jarumi na bukatar wanda zai haska a kansa. Miliyoyin da suka kalli fim ɗin, abin da suka sani game da Coningham ke nan.

Ba a ce shi ma ba shi da hali ba. Mutum ne mai ji da kansa, mai son a san aikinsa. Ya riƙe Janar Montgomery a zuciya tun daga Alamein, yana ganin ya kwashe yabon shi kaɗai, kuma wannan gaba ta bi su har Faransa, inda Coningham ya jagoranci jiragen Birtaniya da Kanada da suka rufa wa sojan ƙasa baya tun daga saukar Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944, har zuwa faɗuwar Jamus a 1945. A 1947 ya ajiye aiki da muƙamin Eya Mashal.

Ɓacewa

A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger daga Ingila zuwa tsibirin Bermuda. Suka yada zango a Lisbon da tsibiran Azores. Daga nan jirgin ya tashi cikin iska mai ƙarfi, yana tafiya ƙasa-ƙasa a kan tekun Atlantika. Da tsakar daren Juma'a, 30 ga Janairu, aka ji saƙonsa na ƙarshe ta rediyo. Mutum 31 ne a ciki. An yi kwanaki ana nema, ba a ga ko ƙyalle ba, kuma har yau ba a gano tarkacensa ba. Wannan ɓata na cikin labaran da aka gina tatsuniyar Bermuda a kansu, wadda 'yan fim da marubuta suka daɗe suna ci da ita. Coningham na da shekara 53.

A ranar ce aka harbe Mahatma Gandhi a Delhi. A ranar ce kuma Orville Wright, wanda ya yi tashin nan na daƙiƙa 12, ya rasu a Amurka. Labarin Gandhi ya cinye shafukan farko na jaridun duniya.

Abin da ya bar mana

Gado biyu jiragen 1925 suka sauke a Kano, kuma duka biyun muna tare da su. Na farko kowa na ganinsa. Maniyyaci daga Maiyama ko Aliero yanzu mota zai hau zuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya yi sallar asuba a gida ya yi isha'i a ƙasa mai tsarki. Kakansa shekaru ya yi a kan wannan tafiya.

Na biyun shi ne tunanin da aka gwada a Somaliya da Iraƙi, cewa ana iya gane mai laifi daga sama a hukunta shi daga sama, cikin sauƙi da araha. A ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu. Yankinmu na Arewa maso Yamma na fama da 'yan bindiga, kuma mutanen ƙauye da kansu ke roƙon a turo jirgi. Ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai darasin da shi kansa Coningham ya koya a hamada yana nan: jirgi na aiki ne idan na sama da na ƙasa suna zaune wuri guda, suna da sahihin labarin wanda ke ƙarƙashin fukafukin. In babu wannan, abin da ya sa Charlton ya bar kujerarsa a Iraƙi shi zai ci gaba da faruwa.

Ga marubutanmu da masu shirya finafinai kuwa, ga labari nan kwance ba mai shi. Turawa sun rubuta nasu ɓangaren, har wani masanin tarihi, Vincent Orange, ya yi littafi guda a kan Coningham a 1990. Namu ɓangaren ne ba a rubuta ba. Akwai mutanen da suka share filin da jiragen suka sauka. Akwai alhajin da ke tafe da jakinsa a Darfur, shekara biyu da barin gida, ya ɗaga kai ya ga abu uku sun nufi inda ya fito. Akwai leburorin da suka yi dakon fetur a Kano da Maiduguri daga 1940 zuwa 1943, don yaƙin da ba a shawarce su a kansa ba. Ba sai an sayi jirgi ba kafin a yi wannan fim, ƙarar inji da fuskokin masu kallon sama sun isa. Waɗanda suka ga saukar 1925 da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu da suka ji daga bakinsu suna nan a Kano da Maiduguri, kuma a Jega ma ba a rasa gidan da ke da labarin alhajin ƙafa. Mai son ya rubuta, ya ɗauki rakoda ya je ya same su tun suna iya ba da labari.